Awon Kafaɗa

Asabar, 9 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Mama ta sayo mini littafin nan ne don aikin lissafi. Lissafi ya jira tukuna.

Hannuwana jajur suke har wuyan hannu. Na dirje su da sabulu, na dirje da lemon tsami da toka, ko gezau. Duk wanda ya taɓa rina garin katako don shimfiɗun ado da ake zubawa a titi a Makon Tsarki, kafin Ista, ya san halin rinin nan, sai ya yi mako guda kafin ya saki fata. A shagon kafinta na Baba ni ke rina ja tun ina ɗan shekara goma sha biyu, abokina Nery kuma shuɗi. Yanzu muna sha bakwai. Ba wanda bai san wannan rabon ba a unguwarmu, har karnuka.

Jiya da rana Doña Tencha, maƙwabciyarmu, ta zo karɓar buhun garinta, ta banko ƙofar rumfar baya ba ko gyaran murya. Ni da Nery ne kawai a ciki. Ba zan rubuta abin da ta gani ba. Ba wani abu ne mai yawa ba ma. Fuskarsa ce a cikin hannuwana, da abin da ke biyo bayan haka. Shekara biyu ina juya shi a raina, da ya zo bai kai minti ɗaya ba.

Ta zana gicciye a ƙirji ta zura da gudu. Matar da kullum ke kukan gwiwa ta hana ta zuwa coci!

Da magariba Baba ya zaunar da ni a kan bencin aiki. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Eswin, dube ni. Yaron nan ne ya taɓa ka?"

Na gyaɗa kai.

"Shi ya matsa maka?"

Na sake gyaɗawa.

"To, shi ke nan. Tashi ka je ka ci abinci."

Kuma na ci. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Tortilla biyar na ci, wainar masarar nan tamu, da baƙin wake, har na suɗe kwanon.

Lahadi, 10 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Yau aka yi awon kafaɗa a harabar coci. Shekara ashirin da biyu Baba ke riƙe da sandar awo ta ƙungiyar masu ɗaukar anda a jerin gwanon Juma'a Mai Tsarki, kuma bai taɓa sauya jawabinsa ba. Ko cikin barci zan iya maimaita shi:

"Ku saurara da kyau. Anda katako ce mai nauyin mota, ga Yesu da gicciyensa a kanta, ga mutum tamanin a ƙarƙashi. Kowane zango, kafaɗu su zo ɗaya. In aka sa dogo cikin gajeru, nauyin mutum uku ne zai sauka a kansa shi kaɗai. In aka sa gajere cikin dogaye, yawo kawai zai yi a inuwa. Saboda haka kowa ya tsaya daidai, kada wanda ya yi mini ɗage."

Ni da Nery tun muna shekara tara, a jerin yara, awonmu ɗaya yake fitowa, sai ka ce mun haɗa baki wajen girma. Kullum zango ɗaya, shi a gaba ni a bayansa, ina kallon ƙeyarsa. Tagwayen kafaɗa ake ce mana. A jikin katakon ƙofar kicin ɗinmu Baba yana ja mini layi da fensir duk shekara, ya rubuta lamba a gefe. Na bana tun watan jiya ya ja shi a daidai kafaɗata: santimita ɗari da arba'in da biyu. Ranar Nery na nan yana cin ayabarmu kamar kullum, aka tsayar da shi, layin ya zauna masa cif.

Yau na tsaya, Baba ya sauke sanda a kafaɗata, ya ce wa magatakarda, "Ɗari da arba'in da huɗu."

Na koma gefe.

Nery ne na ƙarshe a layi. A zafin nan ya maƙale maɓallin rigarsa har wuya, amma jan ya leƙo ta ƙarƙashin kunnensa, yatsu huɗu, kowa na iya ƙirgawa. Tafiyarsa ma ba daidai ba, yana dafe gefen dama. Mahaifinsa, Don Maco mai faci, ba ya duka da hannu. Da tiyon iska yake yi.

Baba ya ɗora sanda ya ce, "Ɗari da arba'in."

Nery ya ce, "Don Efraín, da biyu ne."

"Kai ke awo ko ni?"

Nery ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Na cusa hannuwana cikin aljihu.

Litinin, 11 ga Maris, bakwai saura na safe

Ba na son zuwa makaranta.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Kujerar Nery ba kowa. Don Maco ya cire shi daga makaranta.

Ni kuwa na zama kamar wanda ya tsira daga haɗarin mota, kowa sai ya zo ya dafa ni. Wani ya ce, "Kai, Eswin, ashe shekara da shekaru da 'yar budurwa kake yawo ba ka sani ba? Allah ya rufa maka asiri, mutumina!" An rubuta ɗan daudu da biro a kan teburin Nery. Ajin ya fashe da dariya.

Na yi dariyar ni ma. Ba da ƙarfi ba, amma na yi, na ji ta da kunnena.

Laraba, 13 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Baba ya ce, "Wai ina yarinyar nan Dalila? Kwana biyu ban gan ta ba. Ka kawo ta Juma'a ta ci kifi da mu."

Wata biyar muka yi da Dalila bara, kafin mu rabu a kan shirme. Yanzu ita ce hujjar Baba, yana ɗaga ta kamar takardar asibiti. Abin da ba zan iya fahimtar da kowa ba shi ne ba ƙarya na yi mata ba. Na so ta da gaske. Ina son Nery, shi ma ba ƙarya ba ne. Ga shi na rubuta. Kuma rufin ɗaki bai faɗo ba.

Na same ta a dandali wajen mai atol, kunun masara, tana hura kofinta. Na isar da saƙon Baba. Ta ce, "Nuna mini hannunka."

Na nuna.

"Juya. Ɗaga wuyanka." Ta dube ni sama da ƙasa. "Na ga Nery a coci ranar Lahadi, Eswin. Ja ne a wuyansa. To kai ina shuɗin yake? Ko ɗigo babu. Wane irin mai matsa wa mutum ne wannan da bai ko taɓa ka ba?"

Na ce, "Dalila, don Allah rage murya."

"Ba zan rage ba. Ni ba ruwana da wanda kake so. Da ka ce kana sona na yarda, har gobe na yarda. Amma kai matsoraci ne, kuma ba zan zo cin kifin babanka don ka rataya ni a ƙofa kamar labule ba. Ka gaishe da mamanka, Doña Aura."

Ta bar mini kofin atol ɗin ko rabi ba ta sha ba.

Alhamis, 14 ga Maris, ƙarfe takwas na dare

Yau ban faɗa wa Baba gaskiya ba.

Juma'a, 15 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ni kaɗai a rumfa. Baba ya ce in haɗa ja da shuɗin duka, tunda babu mai yi. Na sa hannu a bokitin shuɗi, yatsuna suka koma launin rigar da za mu sa ranar Juma'a Mai Tsarki. Mtsw.

Na buga wayar Nery sau tara. A kashe take.

Lahadi, 17 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Doña Tencha ta leƙo ta katanga tana ba Mama labari, da muryar nan tata ta raɗa da ake ji har bakin titi. Wai ranar Asabar bayan jerin gwano, motar safe, za a tura Nery Petén wajen kawunsa mai kiwon shanu. Wai a can za a mayar da shi namiji. Amma Don Maco ya rantse sai ya ɗauki anda tukuna, ko nauyin Yesu zai matse masa abin daga jiki.

Ta ƙara da cewa, "Ke dai, Aura, ki gode wa Allah da na shiga a kan lokaci. Ni ba na son magana, kin sani."

Mama ta ce, "Na sani, Tencha," ta ci gaba da shanya.

Kwana goma sha uku. Petén tafiyar yini ce da dare a mota. Nery da ko kare ya yi masa haushi sai ya ɓuya a bayana.

Talata, 19 ga Maris, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na tsaya a kwana har na ga Don Maco ya hau babur ya tafi sayen kaya, sannan na ƙarasa shagon faci. Nery na tsugune yana tsoma tub a baho yana neman huji. Jan ya goge daga wuyansa. Wani launi ne ya maye gurbinsa, ba na rini ba.

Bai ɗago ba. Ya ce, "A'a, ga wanda aka zalunta. Sannu. Ya jiki?"

"Nery."

"An ce har dariya ka yi a aji. Ka kyauta, dariya na ƙara lafiya."

Na ce zan faɗa, na rantse zan faɗa wa Baba, lokaci kawai nake nema.

Ya ce, "Wa ya roƙe ka? Me zai ƙara? A daki mutum biyu maimakon ɗaya?" Ya danna tub ɗin cikin ruwa, kumfa ta taso, ya sa yatsa a wurin. "Abu ɗaya nake so in sani. Da ka gyaɗa kan nan, ka yi tunani tukuna, ko kan ne ya gyaɗa da kansa?"

Na ce, "Wanne ya fi maka sauƙi?"

"Babu."

Ya miƙe zai ɗauko gam, sai ya tsaya rabi, ya cije leɓe yana dafe haƙarƙari. Na kai hannu. Ya ce, "Kar ka taɓa ni da hannun nan. Wancan ma da kyar ya fita."

Na dawo gida ta hanyar maƙabarta don kada in haɗu da kowa.

Laraba, 20 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Da kan ne ya gyaɗa da kansa, da na ji sauƙi. Na yi tunani. Na dubi hannun Baba a kan bencin, na tuna shi ya koya mini riƙe zarto, na zaɓa.

Juma'a, 22 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

An raba katin zango. Ni zango na goma sha takwas, cikin dogaye. Nery na ashirin, cikin gajeru, kuma a ɓangaren da ake ɗauka da kafaɗar dama. Na duba jerin sunayen a bangon coci sau biyu ko idona ne. Baba ya san gefen da Don Maco ya daka, kowa ya ga tafiyarsa ranar awo.

Da muna cin abinci na buɗe baki. Na ce, "Baba."

Ya ce, "Na'am?"

Na ce, "Miƙo mini gishiri."

Asabar, 23 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mama na guga. Rigar shunayya ce ta kakana, wadda Baba ya sa shekara talatin kafin ya ba ni bara. Ta kira ni in riƙe mata hannun rigar. Ba ta kalle ni ba.

Ta ce, "Ni na wanke rigarka ta ranar nan."

Na dubi dutsen guga.

"Fara ce. Da shuɗi ya taɓa ta da na gani."

"Mama..."

"Ban tambaye ka komai ba, Eswin, kada ka ba ni amsar abin da ban tambaya ba." Ta ajiye dutsen guga. Idonta ya kawo ruwa amma muryarta tsaf. "Babanka jininsa na hawa. Garin nan kaf shi suke kallo a makon nan. Ka bari Ista ta wuce. Yaron zai tafi, magana ta mutu, kai kuma ka gama makarantarka. Ni uwa ce, nawa na sani."

Na ce, "Shi fa ba shi da uwa."

Ta ce, "Riƙe hannun rigar da kyau, kana yamutsa ta."

Lahadi, 24 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Lahadin Dabino. Na shiga ikirari wajen Fada. Na durƙusa ina ta lissafin wane laifi zan faɗa, na rana a rumfa ko na magariba a gaban Baba. Na rana ban ji ina nadamarsa ba, Allah ya gani. Sai na ce, "Fada, na yi ƙarya."

Ya ce, "Babba ko ƙarama?" Ina jin yana hamma ta bayan raga, layi har waje.

Na ce, "Ban ma yi magana ba, kai kawai na gyaɗa."

Ya ce in yi addu'a uku in kiyaye gaba. Uku! Na gama su kafin in kai bakin ƙofa.

Litinin, 25 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Ban faɗa ba.

Talata, 26 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ban faɗa ba. Baba ya sayo mini sabbin fararen safar hannu, ya ce kada in shiga ƙarƙashin Yesu da hannu kamar na mahauci.

Alhamis, 28 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Gari ya cika da ƙamshin turare da na furen corozo, har yana hawa kai. Mama ta soya torrejas, burodin nan mai zaƙi, ban iya ci ba. An rufe titinmu, gobe da sassafe za a zuba shimfiɗa. Buhu takwas na ja, shida na shuɗi. Biyu daga cikin shuɗin na Nery ne, na gane su, ya fi ni iya haɗi.

Gobe zan yi zangona in koma layi in yi shiru. Jibi Nery ya tafi. Mama ta yi gaskiya. Na rubuta ne don in ga yadda yake a takarda.

Mummuna ne.

Juma'a Mai Tsarki, 29 ga Maris, ƙarfe bakwai da rabi na dare

Zan rubuta a jere, in ba haka ba zai tsere mini.

Zangona ya zo wajen sha biyun rana, a kwanar kantin magani. Aka buga ƙararrawa, na shiga gurbina, na kai kafaɗa. Ba ta taɓa matashin da ke jikin katakon ba. Wallahi ba ta taɓa ba. Tsakanina da katakon akwai wurin yatsu biyu. Na gabana na nishi, na bayana gumi na ɗiga daga haɓarsa, masu busa na busa taken makoki, mata na kuka a gefen titi, ni kuwa ina tafiya a inuwa da sabuwar safar hannu. Na yi ɗage don in taɓa, ƙafata ta gaji, na sauka. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba.

Na fita na koma layin masu rakiya. Zango na sha tara ya wuce. Na ashirin ya faɗo a titinmu, daidai kan shimfiɗarmu.

Daga nesa na gane Nery, don kansa ya ɗara na kowa a ɓangaren. Da aka ɗaga, anda ta zauna masa. Na ga fuskarsa ta canja. Na gabansa da na bayansa ko a jikinsu, tafiya suke irin wadda na gama yi. Taku goma, ashirin. Wuyansa ya karkace. Ya fara jan ƙafa, yana kwashe ja da shuɗi da takalmi. Don Maco na tsaye a bakin titi ya harɗe hannu yana kallo. A ƙofar gidanmu gwiwar Nery ta lanƙwashe, ya miƙe, ta sake lanƙwashewa.

Wannan karon ban yi tunani ba. Na fita daga layi, na kutsa na shiga bayansa, na manna ƙirjina da gadon bayansa, na cusa kafaɗa ƙarƙashin matashinsa. Ba a yin haka, gurbi ɗaya mutum ɗaya ne, ko ɗan shekara tara ya sani. Nauyin ya sauko mini lokaci guda har na ga taurari. Wayyo Allah, ashe haka yake! Amma ya rabu biyu daidai, domin awonmu ɗaya ne.

Nery ya ce ta tsakanin haƙora, "Fita, wawa."

Na ce, "Yi tafiyarka."

Baba ne mai kula da ɓangaren, yana tafe da sandarsa. Ya iso kusa da kunnena ya ce a hankali, "Eswin. Fita."

Na ce, "Baba, ni na taɓa shi."

"Na ce ka fita."

"Ni na fara. Jan da aka gani a wuyansa na hannuna ne. Bai matsa mini ba, ni nake sonsa."

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga na gabanmu ya waiwayo. Masu busa sun tsagaita a daidai lokacin, ganga ce kawai. Doña Tencha na bakin ƙofarta da kyandir. Ta samu gulmar Ista.

Baba bai ja ni ba. In ya ja ni anda ta karkata, ya sani. Ya yi tafiya a gefenmu har kwana yana kallon gabansa. Da aka buga ƙararrawa muka fita, Nery ya zauna a bakin kwata yana amai, Don Maco ya zo ya fizge shi ta wuyan riga.

A gida Baba ya ce in cire rigar. Na cire, ya ninke ta da kansa. Na ce, "Baba, gaskiya na faɗa."

Ya ce, "Gaskiya? Kana tsammani ban san mai rina ja a shagona ba? Tun ranar na gani, ba makaho ba ne ni. Ƙofa na buɗe maka ka fita, ɗan banza. Na yi ƙarya da sandar awo a gaban coci saboda kai, abin da ban taɓa yi ba shekara ashirin da biyu. Ka dawo ka rufe ta da hannunka."

Na ce, "Da haƙarƙarinsa ka buɗe ta."

Ya ɗaga hannu. Na jira. Ya sauke, ya shiga ɗaki da rigar ya sa sakata. Da ya mare ni da ya fi.

Asabar, 30 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na je tasha. Ba wanda ya hana ni, ba wanda ke mini magana balle ya hana.

Don Maco na can gaba yana jayayya da kwandasta a kan jaka. Nery na zaune a bakin taga, hannunsa na dama a rataye da ƙyalle. Na tsaya a ƙasa. Na ɗauka ko da murmushi zan samu. Wauta!

Ya ce, "Mako uku na ɗauka ni kaɗai. Kai ka ɗauki rabin titi."

Na ce, "Na sani."

"Kuma ga ni a mota duk da haka."

"Na sani."

"To daina cewa ka sani, kana ba ni haushi." Ya dubi kafaɗata. "Ta kumbura?"

"Kamar gwanda."

"Madalla."

Direba ya tayar da mota. Nery ya ce, "An ce abincin can ba daɗi. Wataƙila ba zan ƙara tsawo ba. Kai ma kada ka kuskura."

Motar ta ja. Bai ɗaga hannu ba, ni ma ban ɗaga ba. Don Maco ya wuce ta gabana ya tofar da yawu kusa da takalmina.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Dalila ta aiko da saƙo: "Har yanzu wawa ne kai. Litinin ka zauna kusa da ni."

Lahadi, 31 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ista. Ana ta harba tartsatsin wuta, ƙararrawar coci ba ta huta ba tun safe. Ban je ba. Baba ya tafi shi kaɗai.

Kafin ya fita na ji ƙarar fefe katako daga kicin, na ɗauka gyara yake. Da na fito, katakon ƙofar ya yi fari fat, sumul. Layi tara ne a wurin, tun daga na shekara tara da ke daidai cibiyata yanzu. Ya fefe su duka. Aikinsa mai kyau ne kullum, ko alamar fensir bai bari ba.

Na tsaya ina kallo. Ban yi kuka a tasha ba, a nan na yi.

Mama ta shigo da tsintsiya ta share ɓawon katakon, ta tattara a faranti. Ba ta zuba a murhu ba, ta juye a aljihun gaban rigarta. Ta daɗe a tsaye tana ba ni baya. Sannan ta buɗe durowar Baba ta ɗauko fensirinsa na aiki, mai faɗin nan.

Ta ce, "Zo nan. Juya."

"Mama, zai gani."

"Ai don ya gani ne. Cire takalmi."

Na jingina da katakon. Ta ɗora fensirin a kan kumburin, na yi ƙara. Layin ya fito a karkace.

Ta ce, "Tsaya daidai, Eswin. Kada ka yi mini ɗage."